Gem mai labari ko mara labari: wanne ya cancanci kuɗinka da datarka?

Duk wanda ya taɓa zama a gidan gem a Samaru ko Tudun Wada a Zariya ya san abin da ke faruwa idan wasa ya tsaya, ɗan gajeren fim na cikin wasan ya fara. Mutanen cikin allo sun buɗe baki za su yi magana, sai yaron da ke riƙe da fad, wato abin sarrafa wasan, ya hau danna maɓalli don ya tsallake. Ba a ga laifinsa, kuɗin lokaci ya biya, mai shago kuma idonsa na kan agogo. To amma wannan maganar da aka tsallake, kamfanin da ya yi wasan ya zuba maƙudan daloli a kanta: marubuta, 'yan wasan kwaikwayo, masu kiɗa. Shin asarar yaron ce, ko kuwa dama can labarin kwalliya ce kawai?

Tambayar ta shafi wanda ya tara kuɗi zai shiga Sabon Gari ya sayi PlayStation na hannu, yana son sanin abin da zai ce a loda masa. Ta shafi uban da ɗansa ya addabe shi a sauke masa gem a waya. Ta kuma shafi ɗaliban kwamfuta na ABU da na Nuhu Bamalli masu burin haɗa nasu wasan, waɗanda suka rasa ko da rubuta labari za su fara ko da tsara dokoki. A ganina gem ba ya bukatar tsararren labari kafin ya ratsa zuciya. Amma irin wanda zai amfane ka ya dogara da inda kake zama ka buga, da na'urar wa kake bugawa, da yawan Turancin da kunnenka ke kamawa.

Mu Hausawa ai mun daɗe da sanin iri biyun. Ga tatsuniya: daga "ga ta nan ga ta nanku" har "ƙurunƙus" a hannun mai bayarwa take, Gizo zai yi ha'incinsa, zai sha kunya, ko sau nawa aka maimaita. Ga kuma dara: gurbi 30 a ƙasa, kowa da 'ya'yansa 12, babu Gizo babu Ƙoƙi, amma je ka gindin rimi inda dattawa ke bugawa ka ji yadda ake ba da labarin ranar da aka yi wa wani gwani cin kaca. Babu wanda ya rubuta wannan labarin, wasan ne ya haife shi. Wasannin bidiyo ma haka suka rabu.

Mu fara da ɓangaren tatsuniya, domin a nan ake kashe kuɗi mafi yawa. The Last of Us, wanda kamfanin Naughty Dog na Amurka ya fitar a 2013, shi ne abin da ake fara nunawa idan ana gardamar nan. A farkonsa ba jarumin ake ba ka ba, 'yarsa ake ba ka, yarinya da ta farka cikin dare tana zagaya gida tana neman babanta, labarai a talabijin na nuna gari ya rikice. Kai kake tafiyar da ita ɗaki zuwa ɗaki. Bayan 'yan mintoci sai wasan ya juya, ka koma uban, Joel, yana ɗauke da ita a hannu yana gudu cikin hargitsi. Abin da ya same ta a ƙarshen gudun nan shi ne tushen duk abin da Joel zai aikata shekara 20 bayan haka, lokacin da aka damƙa masa wata yarinya, Ellie, ya ratsa Amurka da ita. Hukuncin da ya yanke a ƙarshen wasan, ba a tambayar ra'ayinka. Ko ka yarda ko ba ka yarda ba, da yatsunka za a aikata shi. Wannan nauyin sai marubuci ne ke iya ɗora maka, domin da an bar ka da kanka ba za ka taɓa kai kanka wurin ba.

God of War na 2018 ma haka. Waɗanda suka san jaruminsa Kratos a zamanin PlayStation 2 (PS2), mutum mai zafin rai da babu abin da ya iya sai sara da suka, sun same shi ya manyanta, ya yi gemu, yana ƙoƙarin koyon yadda uba ke magana da ɗansa bayan rasuwar uwar yaron. Red Dead Redemption 2, shi ma na 2018, ya ɗauki ɗan fashi Arthur Morgan a Amurkar 1899 ya bi shi a hankali har ya fara tuhumar rayuwar da ya yi. Waɗannan ayyuka ne na gwanaye, ba na musu.

Sai dai kowannensu yana zuwa da sharuɗɗan da ba a rubuta a bayan kwali ba. Na farko, na'urar ta zama taka. The Last of Us na cin awa 15 ko kusa da haka, Red Dead kuwa labarinsa kaɗai ya kai awa 50. A gidan gem ba za ka iya ba: yau ka kai wani wuri ka ajiye, gobe ka tarar wani ya ɗora a kai ko ya goge. Na biyu, girma. Red Dead na neman gigabait 150 a kwamfuta, wanda ke sayen data kaɗan-kaɗan kuwa ya san me hakan ke nufi, shi ya sa galibi wurin masu lodi ake zuwa. Na uku, kuma shi ne babba, harshe. Turancin ƙauyen Amurka ne, ana haɗiye rabin kalma, ga habaici ga zaurance. Mu mutane ne masu son labari, shaida ita ce yadda finafinan Indiya masu fassarar Hausa suka mamaye wayoyi, amma babu mai fassara mana waɗannan wasanni. Idan labarin ya wuce ta saman kanka, abin da ya rage maka shi ne harbi da gudu, wanda da ka samu a wasa mai arha.

GTA San Andreas na 2004 ya isa misali. Da wuya a sami matashi a Zariya da bai taɓa shi ba. Amma mutum nawa ne suka san cewa jarumin wasan, CJ, ya dawo birnin Los Santos ne bayan shekara biyar saboda an kashe mahaifiyarsa, kuma wani ɗan sanda maras gaskiya ne ya ɗora masa sharri yana juya shi? Wani ƙanena da ya daɗe yana bugawa, ranar da ya ji haka sai ya saki baki ya ce, "Yaya, ashe dama uwarsa aka kashe?" Shi abin da ya sani shi ne takardar lambobin maguɗi da ake naɗewa a aljihu, a ƙwace mota, a tara taurarin 'yan sanda, a ga wa zai fi daɗewa kafin a kama shi. Kuma ya ji daɗinsa sosai. Labarin da Rockstar, kamfanin da ya yi wasan, ya rubuta yana nan, shi da abokansa kuwa wani wasa dabam suka ƙirƙira a cikinsa.

Akwai kuma wata ɓaraka da masu sana'ar kansu suka daɗe da lura da ita. A 2007 wani mai tsara wasanni, Clint Hocking, ya yi rubutu a kan BioShock yana nuna yadda abin da labari ke faɗa ke cin karo da abin da hannun ɗan wasa ke yi. Jerin Uncharted ne aka fi yi wa wannan tsiyar: jaruminsa Nathan Drake a fim ɗin cikin wasa mutum ne mai fara'a da barkwanci, da an miƙo maka fad kuma sai ka kashe ɗaruruwan mutane da shi, sannan ya koma yana wasa da dariya kamar ba a yi komai ba. Idan labari da wasa suka ja ɓangare biyu haka, ɗan wasa yakan yarda da hannunsa ya watsar da abin da aka gaya masa.

Yanzu ɓangaren dara. Tetris, wanda Alexey Pajitnov ya haɗa a Mosko a 1984, babu mutum ko ɗaya a cikinsa, tubala ne ke faɗowa, ga shi har yau ana bugawa. Amma ba zan ce Tetris na ba da labari ba, kada a yi ƙari. Wanda ya fi kusa da mu shi ne ƙwallo. Masu tsofaffin wasannin ƙwallo na PES za su tuna Master League, inda ake ba ka ƙungiya ta 'yan wasan da babu su a duniya, irin su Castolo da Minanda, a rukuni na biyu, babu kuɗi. Ka yi ta fama da su, kana tattalin maki, har ka samu ka sayi ɗan wasa guda na kirki. Ranar da za ka sayar da Castolo, wanda ya ci maka ƙwallon da ta haye da kai rukuni na ɗaya, sai ka ji wani iri. Babu marubucin da ya tsara maka wannan. Kamfanin EA ya taɓa gwada saka tsararren labari a ƙwallo, da yaron nan Alex Hunter a FIFA 17 wanda ya fito a 2016, aka ja shi har FIFA 19 aka rufe. A majalisu dai ba labarin Hunter ake yi ba, na wanda aka zura wa biyar ba ko ɗaya a gaban jama'a ake yi, kuma zai daɗe yana shan tsiya.

Minecraft ya fi kowanne nuna ƙarfin wannan hanya. Markus Persson ɗan ƙasar Suwidin ya fara fitar da shi a 2009, Microsoft ta saye kamfaninsa a 2014 kan dala biliyan 2.5, zuwa 2023 an sayar da kwafi sama da miliyan 300. Ana jefa ka a daji ba tare da an ce maka uffan ba. Yini da dare duka minti 20 ne, don haka kafin ka gane kan abin duhu ya fara, dodanni sun fito. Mafi yawan mutane darensu na farko a rami suke yinsa, sun toshe bakin da ƙasa, suna jin gurnani a waje. Daga nan sai gini, sai noma, sai ranar da wani koren dodo ya fashe a jikin katangar da ka sha wahalar ɗorawa. Yaro zai zauna ya ba ka labarin gidansa na cikin wasan tiryan-tiryan, da "na" yake farawa ko'ina: na haƙa, na ɓata, na tsira.

Mu 'yan Zazzau muna da wani abin sha'awa a nan. Civilization VII da ya fito a Fabrairun 2025 ya saka Sarauniya Amina cikin shugabannin da ake zaɓa, kafin shi kuma Age of Empires III ya ƙara Hausawa a 2021, har da mahaya masu lifidi. Abin alfahari ne. Amma a sani, wasanni ne na dokoki: a Civilization VII kana iya ɗaukar Amina ka ɗora ta a kan Misira ko Rum, ka kafa daular da ba a taɓa yi ba. Yaro zai koyi abin da ya sa gari ke bukatar ganuwa da kasuwa da hanyar fatake, domin idan ya yi sakaci za a ci garinsa. Ba zai ji sunan Bakwa Turunku ba, ba zai san Kufena ba. Wannan sai a gida ko a makaranta.

Shi ma wannan ɓangaren yana da nasa aibin, kuma masu yabonsa ba su cika faɗa ba. Labarin da wasa ya haifa, wanda yake wurin kaɗai yake ratsawa. Ba wani labarin yadda ka rage kai kaɗai cikin mutum 50 a Free Fire, in ba ɗan wasa ba ne zai fara hamma. Sannan labaran kan yi kama da juna: na kusa mutuwa, na tsira, na ci. Da wuya su kai ka ga nadama ko tausayi. Ga kuma tsadar da ke ɓoye. Free Fire da PUBG da Call of Duty na waya kyauta ake sauke su, amma kullum sai da data, sai da netwok mai ƙarfi, ga tallan kayan ado da ake saye da kuɗin gaske wanda ke jan yara. Ba kuma a tsayar da su. An kira magariba, ko Umma ta ƙwala kira, yaro na cewa "Ina zuwa, Umma, saura kaɗan", domin in ya ajiye abokansa uku ne za su kwana ciki. Wasan labari kuwa danna maɓalli ɗaya ne ya tsaya, kuma galibinsu da an loda shi ke nan, babu ruwansu da intanet.

Da za a bar ni da zaɓi, ba ɗayan biyun nan zan fara nuna wa mutum ba. Akwai 'yan wasanni ƙanana da labarinsu bai wuce a faɗe shi a jimla biyu ba, amma an saƙa ma'anar a cikin abin da yatsa ke yi. Papers, Please na Lucas Pope, 2013, shi ne gwaninsu. Kai ma'aikacin shige da fice ne a iyakar wata ƙasa ta ƙage, Arstotzka, a ƙarshen 1982. Aikinka duba fasfo da buga hatimi, a shiga ko a koma. Ana biyanka gwargwadon mutanen da ka sallama, in kuskure ya wuce biyu a rana a fara yanke maka albashi. Da dare sai lissafi: haya, abinci, ɗumama ɗaki, maganin ɗanka, ga mata, ga suruka, ga kawu. Wata rana wani mutum ya zo, takardunsa lafiya lau, ka buga masa, yana fita ya ce matarsa na biye, a tausaya mata. Ta iso, takarda ɗaya babu. Hatimi biyu ne a gabanka, agogo na tafiya, layi na jira, yaronka ba lafiya. Babu kiɗan tausayi, babu jawabi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a tagar wani ofis yana roƙon a duba masa takarda, a nan zai ɗanɗani zaman wanda ke ɗaya gefen tagar, kuma zai iya mamakin saurin da zuciyarsa za ta bushe. Wasan na da ƙarshe iri 20, ba shi da nauyi, tun 2022 kuma akwai shi a waya. Turancinsa rubutacce ne gajere, ɗan sakandare zai bi.

Brothers: A Tale of Two Sons, shi ma na 2013, wanda Josef Fares ya jagoranta, ko Turancin babu. Wani yare na ƙage suke yi, ba fassara. Wa da ƙane ne suka fita neman wa mahaifinsu magani, hannunka na hagu na tafiyar da wan, na dama na tafiyar da ƙanen, a lokaci guda. Ƙanen na tsoron ruwa domin a ruwa uwarsu ta rasu, don haka duk rafin da aka zo sai ya maƙale a bayan wansa. Wanda bai buga ba kuma yana da niyya, ya tsallake zuwa sakin layi na gaba. Dab da ƙarshe wan ya mutu, hannunka na hagu ya zama ba shi da aiki. Sai ga ruwa a gaban ƙanen, ka danna maɓallinsa ya ƙi shiga. Ba zai yi iyo ba sai ka danna maɓallin marigayin. Fim ba zai iya yin wannan ba, littafi ma haka, kuma duka wasan awa uku ne ko ƙasa da huɗu.

A wannan sahu akwai Shadow of the Colossus na 2005 ga masu PS2, inda kake kashe ƙatti 16 da ba su tsokane ka ba har jikinka ya fara ba ka cewa ba daidai kake yi ba. Akwai This War of Mine na 2014 daga Folan, wanda ya ɗauko daga ƙawanyar da aka yi wa Sarayebo tsakanin 1992 da 1996, kana tafiyar da fararen hula masu neman abinci, har ka kai ga shawarar ko za ka shiga gidan wasu tsofaffi biyu ka kwashe maganinsu. A 2020 gwamnatin ƙasar ta sanar da saka shi cikin jerin abubuwan da manyan ɗalibai za su iya nazarta.

To, wa zai ɗauki wanne? In a gidan gem kake bugawa, ko na'ura ɗaya ce tsakanin 'yan gida shida, kada ka wahalar da kanka da dogon labari. Ƙwallo, tsere da dambe su ne daidai wurin, ana gama zagaye kafin a ɗauke wuta ko man janareto ya ƙare. In na'urar taka ce, kana da ɗaki da kwanciyar hankali, Turanci kuma bai ba ka wuya, to ɗauki babban labari guda ɗaya, kunna rubutun ƙasan allo, ka bi shi har ƙarshe kafin ka taɓa wani. Tara goma a na'ura kana lasar kowanne shi ne ke sa mutum ya ce duk ɗaya suke. Ka kuma tuna sabon babban wasa na kaiwa dala 70, kuma da ka ga ƙarshensa da wuya ka koma, alhali Minecraft ko ƙwallo za su yi maka shekaru. In waya ce kaɗai gare ka, Papers, Please da Brothers da This War of Mine duk akwai su a Android, sau ɗaya ake saye, ba sa cin data bayan haka.

Iyaye kuwa, abin dubawa kafin labari shi ne lambar da ke jikin kwali. Na Turai na ɗauke da shekaru: 3, 7, 12, 16 ko 18. Na Amurka haruffa ne, M na manya. Kusan duk manyan wasannin labarin da na ambata, da The Last of Us da God of War da Red Dead da GTA, na 'yan 18 ne, akwai jini da ashar da abin da ba ka so ɗanka ya gani, God of War kuma a kan gumakan Girkawa da na arewacin Turai aka gina shi. Minecraft 7 aka rubuta masa, sai dai a sa ido kan waɗanda yaro ke hira da su in ya shiga ta intanet.

Ɗalibin da ke son haɗa nasa, na san abin da ke ransa: Amina a kan doki, yaƙe-yaƙe, fada, dogon tarihi. Ana iya yi, kamfanin Kiro'o na Kamaru ya fitar da Aurion a 2016, Abubakar Salim kuma ya yi Tales of Kenzera: Zau a 2024 a kan rashin mahaifinsa. Amma waɗannan ayyukan tawaga ne, da masu zane da masu murya da jari. Mutum ɗaya da laftof a Kongo ta nan Zariya, hanyar Lucas Pope ce ta fi masa, domin shi kaɗai ya haɗa nasa. Ka ɗauki sana'a guda da ka sani ciki da bai. A ce ɗan acaɓa tsakanin Kwangila da PZ: mai ya yi tsada, mai babur na jiran balas da yamma, ga tsohuwa da kaya tana cewa "Ɗan nan, rage mini", ga wani fasinja a tsallaken titi da zai biya ninki. Tsara kuɗin, tsara lokacin, tsara abin da zai biyo bayan kowane zaɓi. Ba wa abokanka biyar su gwada a waya ba tare da ka yi musu bayani ba, ka ga ko akwai wanda zai yi jim kafin ya wuce tsohuwar. In babu, dokokin za ka koma ka gyara, tun kafin ka rubuta wa kowa layin magana.